Kafin a sayar da gidan: amsa ga uwargidan da aka yi wa mijinta aikin ƙari a ƙwaƙwalwa

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah a Kano, wadda ta nemi a sakaya sunanta. Na taƙaita ta kamar haka:

"Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekarunsa 54. Watanni huɗu da suka wuce ya fara fama da ciwon kai mai tsanani, musamman da asuba, daga baya kuma magana ta riƙa kuɓuce masa, har yakan so ya ce a miƙo masa hula sai ya ambaci wani abu dabam. Mun ɗauka jifa ne, aka shafe kusan wata biyu ana ruƙya da hayaƙi, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a shago yana jijjiga. A asibiti aka ɗauki hoton MRI, aka ga ƙari a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, aka yi masa aiki mako uku da suka wuce. Gwajin naman da aka cire ya nuna wani dajin ƙwaƙwalwa ne mai suna giliyobilastoma, mataki na huɗu, likita kuma ya ce a fara gashi, wato ƙona ragowar ƙarin da hasken na'ura, da shan wasu ƙwayoyi na tsawon mako shida. Sai ƙaninsa ya turo wani bidiyo a WhatsApp mai cewa an samo sabon magani a Amurka da ya narkar da irin wannan ƙari cikin kwana biyar. Wani mai shirya wa marasa lafiya tafiya kuma ya ce ya san asibitin da ake yin irinsa a ƙasar waje, amma sai an biya rabin kuɗin kafin a nemi biza. Yanzu yayansa ya yanke cewa a dakata da gashin, a sayar da gidan da muke ciki a fita da shi. Shi maigidan ba a gaya masa gaskiya ba, an ce masa an cire ƙarin, magana ta ƙare. Idan na ƙi, za a ce na fifita gida a kan ran mijina. Idan na yarda, ina tsoron mu rasa shi mu kuma rasa matsuguni. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba maigidan lafiya, ya sa abin da yake ciki ya zama kaffara. Zan fara da amsar, dalilai su biyo baya, domin a halin da kuke ciki babu abin da ya kai lokaci tsada. Kada a dakatar da gashin da ƙwayoyin da likita ya tsara, kuma kada a sa hannu a takardar cinikin gida saboda wannan bidiyon. Maganin da aka nuna a cikinsa da gaske an gwada shi, amma bai kai matsayin da ake sayar da shi ba, kuma mutanen da aka gwada shi a kansu duk sun riga sun yi gashin nan da ake so maigidanki ya tsallake. Likitocin da suka yi masa aiki su ne masu magana ta ƙarshe a kan jikinsa. Abin da zan iya yi shi ne in shimfiɗa miki abin da bincike ya tabbatar, yadda za ki shiga zaman iyali da hujja a hannu.

Ki fara da sauke wa kanki nauyin wata biyun da aka yi ana ruƙya, wanda na ji ƙunarsa a cikin wasiƙarki. Mutumin da yake lafiya ƙalau ya wayi gari yana rikita sunayen abubuwa, dole hankalin mutane ya tafi ga jifa ko iska. Bayanin abin shi ne cewa a wajen yawancin mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma a nan ƙarin ya zauna yana danne ta. Ba abin da ya ci ko ya sha ne ya jawo masa ba, ba a ɗaukar cutar daga wani, kuma gadonta abu ne da ba safai ake gani ba, don haka kada ki sa fargaba a ranki game da yara.

Ƙarin ƙwaƙwalwa iri-iri ne. Akwai wanda ke tsirowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ana kiran sa meninjiyoma, mafi yawansa ba daji ba ne, kuma sau da yawa idan an cire shi an rabu ke nan. Giliyobilastoma ba haka yake ba. Daga naman ƙwaƙwalwar kansa yake tasowa, kuma ba shi da iyakar da wuƙa za ta bi, domin ƙwayoyinsa suna kutsawa cikin lafiyayyen nama nesa da inda hoto ya nuna. Manomi ya san halin aya-aya a gona: a nome abin da ido ya gani, saiwar tana ƙasa tana jiran ruwa. Shi ya sa ko likitan da ya fi kowa ƙwarewa ya cire duk abin da ya bayyana a hoto, ba a cewa an gama. Ga kuma wata matsala ta biyu. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa katanga a jikin jijiyoyin jininta, wadda ke hana guba shiga, kuma wannan katangar ce ke tare yawancin magungunan daji da ke aiki a nono ko hanji ko huhu.

Tsarin da aka rubuta wa maigidanki yana da asali. A 2005 wani likita mai suna Roger Stupp da abokan aikinsa na Turai da Kanada suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a kan marasa lafiya 573. An yi wa rukuni ɗaya gashi kaɗai, zama 30 a cikin mako shida, ɗaya rukunin kuma aka haɗa masa gashin da wata ƙwaya mai suna temozolomayid, wadda take cikin 'yan magungunan da ke iya tsallake katangar nan, sannan bayan gashin aka ci gaba da ba su ƙwayar kwana biyar a kowane mako huɗu har sau shida. Matsakaicin zaman waɗanda aka haɗa wa biyun ya kai wata 14.6, na masu gashi kaɗai kuma wata 12.1. Bayan shekara biyu, kashi 26.5 cikin 100 na rukunin da ya sha ƙwayar suna raye, a ɗaya rukunin kuwa kashi 10.4 ne, da aka bi su har shekara biyar, kusan mutum 1 cikin 10 na masu shan ƙwayar yana nan. Na san alƙaluman nan suna da nauyi a kunne, kuma na rubuta su ne don kin nemi gaskiya. Ma'anar matsakaici a nan ita ce rabin mutanen sun wuce wannan adadi, rabi ba su kai ba, kuma babu likitan da ya san ɓangaren da mutum ɗaya zai faɗa, balle ya san ajalinsa. Shekaru kusan ashirin bayan wancan gwaji, wannan tsarin shi ne dai tushen magani a Bostan da Landan da Alƙahira da Delhi, kuma shi aka rubuta muku a Kano. Akan fara shi ne tsakanin mako uku zuwa shida bayan aiki, da zarar rauni ya warke. Ku kuna mako na uku. Cinikin gida da neman biza za su cinye wannan tazarar gaba ɗaya, alhali abin da ya rage na ƙarin yana girma.

Idan wani ya ce a ƙasar waje ana warkar da cutar, ki tuna masa da mutum uku. Sanata Edward Kennedy na Amurka, an gano masa irin wannan ƙari a watan Mayun 2008, ya rasu a watan Agustan 2009. Sanata John McCain, an gano nasa a watan Yulin 2017, ya rasu a watan Agustan 2018. Beau Biden ya rasu da ita a 2015, a lokacin mahaifinsa yana mataimakin shugaban ƙasar. Babu ƙofar asibitin da ke rufe ga ɗayansu, kuma babu wanda kuɗi ya gaza masa.

Yanzu ga maganar bidiyon. Daga bayanin da kika yi, ya yi daidai da wani rahoto da likitocin babban asibitin Massachusetts da ke birnin Bostan na Amurka suka fitar a watan Maris na 2024. Hanyar ana kiran ta CAR-T. Ana ɗebo wasu ƙwayoyin garkuwar jiki daga jinin majinyacin kansa, a sauya musu halitta a ɗakin gwaje-gwaje yadda za su gane ƙwayar daji su kai mata hari, sannan a mayar da su. Hanyar ta yi nasara ƙwarai a wasu nau'o'in dajin jini, shi ya sa ake ta ƙoƙarin gwada ta a ƙwaƙwalwa. A Bostan ɗin, ta wani bututu da aka dasa a kai aka zuba ƙwayoyin kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwa, kuma mutum uku kacal rahoton ya ƙunsa, dukansu waɗanda ƙarinsu ya dawo bayan sun gama maganin farko. Gaskiya ne ƙarin wata mata mai shekara 57 ya kusa ɓacewa daga hoto kwana biyar bayan an zuba mata, kuma abin ya ba masana mamaki. Abin da masu yaɗa bidiyo ba sa ƙarasawa shi ne, a wajen mutum biyu daga cikin ukun sauƙin bai daɗe ba, ƙarin ya sake tasowa. Likitocin da suka yi aikin da bakinsu suka ce ba su kai ga warkarwa ba tukuna.

Kamata ya yi ki san yadda sabon magani ke tafiya kafin ya iso kanti, domin a nan ake yaudarar iyalai. Matakin farko, mutane ƙalilan ake ba wa, a ga ko jiki zai ɗauka, a kuma gano adadin da ba zai cutar ba. Rahoton Bostan na wannan matakin ne. A mataki na biyu ake duba ko akwai alamar amfani. A na uku ake raba ɗaruruwan marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a kwatanta sabon da tsohon, kuma a nan ne yawancin magungunan ƙarin ƙwaƙwalwa suka faɗi bayan an gama yi musu guɗa. Opdivo, wanda ke zaburar da garkuwar jiki, ya canza rayuwar masu wani mugun dajin fata, amma da aka gwada shi a kan giliyobilastoma a manyan gwaje-gwaje uku bai ƙara tsawon kwana ba. Avastin yana rage kumburi har hoto ya yi kyau, yana kuma da amfaninsa idan ƙarin ya dawo da kumburi mai tsanani, sai dai manyan gwaje-gwaje biyu da aka fitar a 2014 sun nuna bai ƙara wa sababbin marasa lafiya kwana ba. Na ambace shi ne domin yana da tsada, kuma wataƙila a tallata muku shi. Akwai kuma Farfesa Richard Scolyer na Ostireliya, masanin dajin fata da aka gano wa wannan cuta a 2023, wanda abokiyar aikinsa Georgina Long ta gwada ba shi haɗin magungunan garkuwa tun kafin a yi masa aiki. Ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi ba tare da ƙarin ya dawo ba, duniya ta ɗauka, sai a watan Maris na 2025 ya sanar cewa ya dawo. Mutumin da ke cikin zuciyar binciken ke nan.

Gwajin gaskiya ba ya bi ta hannun dillali. Yana da lambar rajista da kowa zai iya dubawa a intanet, yana da sharuɗɗan shiga masu tsauri, kuma a al'ada ba a sayar wa majinyaci maganin da ake gwadawa, ko da yake tafiya da masauki suna iya zama a wuyansa. Ki sa a tambayi mutumin nan sunan asibitin, da sunan likitan, da ainihin sunan maganin, da lambar rajistar gwajin, da inda aka buga sakamakon waɗanda aka riga aka yi wa, duk a rubuce, sannan a kai takardar gaban likitan maigidanki. A ganina, wanda ya ce a biya shi rabin kuɗi kafin wani likita a can ya ko kalli hoton majinyaci ya riga ya ba ku amsa.

Kada ki fahimci cewa bincike bai haifar da komai ba. Akwai wata na'ura mai suna Optune, wadda ake manna wa a kan da aka aske tas, tana aika wani irin ƙarfin lantarki marar zafi da ke dagula rarrabuwar ƙwayoyin daji. A gwajin da aka fitar a 2017 a kan mutum 695, matsakaicin zama ya tashi daga wata 16 zuwa wata 20.9. Amma bayan an gama gashi ake fara ta, tare da temozolomayid ɗin nan, ana so ta zauna a kai aƙalla awa 18 a kowace rana da batiri a rataye, kuma a lokacin wancan gwaji kuɗinta a Amurka ya kai kimanin dala 21,000 a wata. A ɓangaren tiyata ma an ci gaba: akwai wani ruwa da ake ba majinyaci ya sha kafin aiki, wanda ke sa naman ƙarin ya yi haske ja-ja a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ana kuma yin aiki majinyaci yana farke yana magana, don likita ya san inda zai tsaya kada ya taɓa cibiyar harshe.

Babban ci gaban da ya shafe ku kai tsaye kuwa a wajen sanin ainihin sunan ƙarin yake. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'ida, ta ce kallon nama a madubin likita kaɗai bai wadatar ba, sai an duba wasu alamomi na ƙwayar halitta. Ta farko ana kiran ta IDH. Idan an samu sauyi a cikinta, ƙarin ya tashi daga giliyobilastoma ya koma wani nau'in da yawanci ya fi jinkirin tafiya. Ga masu wannan sauyin ne aka samar da Voranigo, ƙwayar da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a watan Agustan 2024, bayan gwaji a kan mutum 331 ya nuna ta tsawaita lokacin da ƙari ke ɗauka kafin ya ci gaba daga wata 11.1 zuwa wata 27.7. Sai dai masu ƙari ɗan mataki na biyu aka gwada wa, ba na huɗu irin nasa ba, kuma a shekarun maigidanki ba a cika samun sauyin IDH ba, don haka kada ki rataya zuciyarki a kanta. Alama ta biyu ita ce MGMT, wani sinadari da ƙwayar daji ke gyara ɓarnar da temozolomayid ya yi mata da shi. Idan an tarar a kulle yake, maganin ya fi cin ƙarin. A cikin mutanen gwajin Stupp, masu irin wannan da suka sha ƙwayar matsakaicinsu ya kai wata 21.7.

Ki duba takardar sakamakon, ki ga ko an rubuta IDH da MGMT. Idan babu, ga abin da ya kamata ya hau jirgi maimakon maigidan. Ɗakin gwajin da ya duba naman yana ajiye ragowarsa a cikin ɗan dunƙulen kaki da bai kai akwatin ashana ba, kuma likitanku zai iya neman a ba da shi a aika wani ɗakin gwaji, a cikin ƙasa ko a waje, a sake tabbatar da sunan cutar a kuma duba alamomin nan. Haka nan hotunan MRI na kafin aiki da na bayansa, a karɓo su a faifai, domin manyan asibitoci da dama suna ba da ra'ayi na biyu daga nesa. Kuɗin wannan bai kama ƙafar kuɗin gida ba, kuma ba a jiran sakamakonsa kafin a fara gashi.

Akwai halin da tafiya take da ma'ana, kuma adalci ne in faɗe shi. Na'urorin gashi a Najeriya kaɗan ne, layi kan yi tsawo, na'ura kuma takan tsaya. Ki nemi a ba ku ranar farawa takamaimai. Idan ta yi nisa, likitanku ya rubuta muku takardar tura majinyaci zuwa wata cibiyar. Ana yin gashi a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da cibiyar daji ta asibitin koyarwa na Legas da aka buɗe a 2019, sai a buga waya a ji inda ake aiki a wannan makon. Idan duk cikin gida ya gagara kuma akwai hali, zuwa Masar ko Indiya don a yi wannan tsarin a kan lokaci ba laifi ba ne, matuƙar an san cewa maganin ɗaya ne, kuma asusun asibitin ake biya kai tsaye. Haka nan idan hoton bayan aiki ya nuna an bar wani babban yanki da za a iya cirewa, wannan tambaya ce da ta cancanci ra'ayin likita na biyu.

Jinyar mako shidan nan a hannunki za ta fi zama, don haka ga abubuwan da za ki riƙe. Temozolomayid yana rage ƙwayoyin jini, musamman masu tsayar da zubar jini da masu yaƙi da cuta, shi ya sa ake gwajin jini kowane mako. Zazzaɓi, ko haɓo, ko jini a dasashi, dalilin zuwa asibiti ne a ranar, ba a tsaya sayen maganin maleriya a kemis ba. Ana haɗiye ƙwayar ne ba a buɗe ta, yawanci kafin a ci abinci, bayan an sha maganin hana amai, kuma a saye ta inda asibiti ya amince da shi saboda jabu. Deksametason da ake ba shi don kumburi yana ɗaga sukari, yana hana barci, yakan kuma sa mutum saurin fushi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai likita ya rage a hankali. Maganin jijjiga ba a tsallake shi ko sau ɗaya, kuma ya haƙura da tuƙi. Idan ta taso masa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, idan ta wuce minti biyar a tafi asibiti. Ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, wannan ma na gaggawa ne, domin masu wannan cuta jini kan daskare musu a jijiya. A guji ɗaukar ciki a lokacin maganin da wasu watanni bayansa, ku tambayi likita tsawon lokacin. Addu'a da ruƙya ta ayoyi ba sa karo da komai a nan, amma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba suna iya taɓa hanta, alhali hantar tana fama da magani. Ki kuma sani cewa hoton farko bayan gashi yakan nuna kamar ƙarin ya ƙaru alhali kumburin maganin ne, don haka kada dangi su yanke cewa gashin bai yi ba tun likita bai yi magana ba.

Sauran maganar ita ce ta ɓoye masa, kuma a nan ba na tare da abin da iyali suka yi, duk da na san tausayi ne ya sa. Gidan nasa ne. Mutumin da yake raye kuma yake cikin hayyacinsa, ba yayansa ba ne zai sayar masa da dukiya, ba kuma ke ba, a shari'a da a doka. Jikin ma nasa ne, kuma mutumin da za a kai shi gaban na'ura sau 30 ba zai daɗe yana yarda cewa magana ta ƙare ba. Abin da zai faru shi ne ya gane, ya kuma gane cewa kowa ya sani ban da shi, sai ya yi shiru don ya tausaya muku, kowa ya zauna da nasa shi kaɗai. Ga kuma dalilin da ya keɓanta da cutarsa: ƙarin yana kusa da cibiyar magana, kuma idan ya sake girma abin da zai iya fara ɗaukewa shi ne harshe. Ɗan kasuwa yana da bashin da yake bi da wanda ake bin sa, da amanar mutane a shago, da wasiyya, da abin da yake so ya faɗa wa 'ya'yansa, kuma yanzu ne yake da bakin faɗa. Ba a ce a jefa masa alƙaluman da na rubuta a sama ba. A zauna da shi gaban likita, ke da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, a fara tambayarsa abin da ya fahimta game da ciwon da kuma iya abin da yake so ya sani, a gaya masa cewa daji ne, aiki bai cire shi duka ba, akwai maganin da ke danne shi, sannan a bar shi ya ja tambayoyin zuwa inda zai iya ɗauka.

Shi kuma yayan nasa, kada ki mayar da shi abokin gaba. Mutum ne da ke kallon ƙaninsa yana shirin kuɓuce masa, sayar da gida kuma shi ne abu mafi girma da ya ga zai iya yi. Idan kika tsaya gardama da shi a tsakar gida, za a bar maganar magani a koma maganar matar da ta hana. Ki roƙe shi cikin girmamawa ya raka ku ganin likita na gaba, ya zo da bidiyon da takardar dillalin, ya yi tambayoyinsa da kansa. Ki kuma ba shi aikin da zai riƙe: bin ranar gashi, aika dunƙulen naman, haɗa gudummawar 'yan'uwa. Kuɗi za su fita ko ba a je ko'ina ba, ga gashi, ga ƙwayoyin wata shida, ga hoto duk bayan wata biyu ko uku, ga masauki idan cibiyar tana wani gari, kuma shagon ba zai kawo abin da ya saba ba. Idan maigidan, bayan ya ji komai, ya zaɓi ya sayar da wani abu nasa, haƙƙinsa ne, sai dai fili ko kaya su riga rufin da yara biyar ke kwana a ƙarƙashinsa.

Ki tambayi asibitin ko suna da sashen kula da masu doguwar jinya, masu aikin rage ciwo da taimakon iyali, ki kuma nemi haɗuwa da su tun yanzu, domin zuwa wajensu ba ya nufin an fid da rai. Ke ma ki raba kwanan jinya da wata 'yar'uwa, manyan yaran kuma a gaya musu daidai hankalinsu. Gobe da safe ki fara da kiran asibiti a kan ranar gashin, jibi a zauna da maigidan. Idan sakamakon IDH da MGMT ya fito, ki sake rubuto mini tare da abin da likita ya ce, mu duba shi tare.